Dokumentarin yaƙin Waterloo: wanne zan yarda da shi?

"Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Kwanan nan na shiga kallon dokumentari akan yaƙin Waterloo, wanda aka ce shi ya kawo ƙarshen Napoliyon. Guda uku na kalla a YouTube amma sai na ƙara rikicewa. Ɗaya ya nuna kamar Turawan Ingila ne suka ci yaƙin su kaɗai, ɗaya yace ba don Jamusawa ba da an gama da su, na ukun kuma yace ruwan sama ne da kuskuren janar-janar ɗinsa suka kayar da Napoliyon. Sannan dawakai da sojojin da ake nunawa ɗinnan, hoton gaske ne ko haɗawa akayi? Wanne zan yarda da shi, kuma ta yaya mutum zai gane mai kyau?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka biyu ce a haɗe, ɗaya akan abin da idonka yake gani a fim ɗin, ɗaya kuma akan abin da mai ba da labarin yake faɗa maka, kuma kowacce da amsarta daban. Na daɗe ina koyar da tarihin Turai na ƙarni na 19, kuma kusan duk shekara sai na saka wa ɗalibai irin waɗannan finafinan a aji, don haka rikicewar nan da kayi na santa sosai, na sha ganinta a fuskar ɗalibai.

Bari mu fara da mai sauƙin. An gwabza yaƙin Waterloo ranar Lahadi 18 ga Yuni 1815, a wani fili da ke kudu da Brussels, a ƙasar da yau ake kira Beljiyam. A lokacin ko kyamarar ɗaukar hoto babu, sai a 1839 aka fara bayyana ta ga jama'a, balle fim mai motsi da ya zo ƙarshen ƙarnin. Toh kaga duk wani doki da ka gani yana sukuwa, duk wani soja da ka gani yana harbi, haɗawa akayi. Wannan ba laifi bane, ba yadda zasuyi. Abin tambaya shine da me suka haɗa, kuma sun faɗa maka ko sun bari ka ɗauka gaske ne.

Daga ina hotunan suke fitowa

Galibi wuri huɗu ne. Akwai zane-zanen masu fenti, akwai masu kwaikwayon yaƙi wato mutanen da ke saka kayan sojan da su fita fili suna harba albarushi ba harsashi, akwai hoton kwamfuta, sannan akwai guntayen da ake yankowa daga wani babban fim na 1970 mai suna Waterloo wanda Sergei Bondarchuk ya shirya. Wannan na ƙarshen ya kamata ka sanshi don ko baka taɓa kallonsa ba to ka ga guntayensa. A Yukiren aka ɗauke shi zamanin Tarayyar Sobiyet, kuma sojojin Sobiyet na gaske wajen 15,000 aka basu suka saka kayan da, ga dawakai birjik. Shi yasa in ka ga an ɗauko hoto daga sama, ga sahun sojoji iya ganinka ga mahaya suna kewaya su, to kusan kullum daga can ne, don ba mai dokumentarin da ke da kuɗin tara wannan jama'a. Amma fim ne na wasan kwaikwayo, an shirya shi don ya burge, ba shaida bane.

Su kuma masu kwaikwayon yaƙi ina girmama su sosai, don wasunsu sun san maɓallin riga da igiyar jaka fiye da malaman jami'a. A 2015 da aka cika shekara 200 sun taru a filin wajen mutum 5,000 da dawakai kusan 300 da igwa kusan 100, kuma dokumentari da yawa na bayan nan hoton wannan taron suke amfani da shi. Sai dai ka lura da abu uku. Na ɗaya yawa: a ranar yaƙin na gaske Napoliyon sarkin Faransa yana da soja wajen 72,000, Wellington kwamandan Ingila da ƙawayenta wajen 68,000, sannan sojojin Purushiya, wata masarautar Jamusawa, kusan 50,000 suka shigo kafin dare, duk a fili ɗan ƙarami da faɗinsa bai fi kilomita huɗu zuwa biyar ba. Mutum 5,000 basa iya nuna maka wannan cunkoson. Na biyu, kayansu tsaf-tsaf suke, sun ci sun ƙoshi, da yawansu ma dattawa ne, alhali sojojin gaske sun kwana a fili cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, sun tashi jiƙe sharkaf da taɓo har gwiwa, wasu ba abin da suka saka a ciki. Na uku igwa: tunda ba ƙwallon ƙarfe a ciki, in sun harba sai kaga igwar tana nan tsaye, ta gaske kuwa tsalle take yi da baya sai an sake turo ta wurinta a saita, kowane harbi.

Tunda mun zo kan igwa, ga wani abu da finafinai suka saba wa mutane da shi. Kullum sai kaga ƙasa ta fashe wuta ta tashi mutane sun yi sama. Akwai masu fashewa a lokacin, ba'a ce babu ba, amma mafi yawan abin da igwa ke harbawa dunƙulen ƙarfe ne zalla wanda baya fashewa, yana tafe yana dira yana tashi kamar dutsen da yaro ya wurga a kan ruwa, duk wanda ya samu a hanya ya cire masa ƙafa ko kai, ya wuce na bayansa. In abokan gaba sun matso kusa kuma sai a ɗura gwangwani cike da ƙananan dalma. Anan ne maganar ruwan sama ta shigo da gaske, don ƙasa mai laka tana haɗiye dunƙulen ne maimakon ya yi ta tsalle, ga wahalar jan igwa a caɓi.

Hayaƙi da doki

Abin da na fi jin takaicin rashinsa a dokumentari shine hayaƙi. Bindigar wancan zamanin ƴar'uwar bindigar toka ce irin ta maharbanmu, ta baki ake ɗura ta, a zuba albarushi a saka dalma a danna da sanda, dutsen ƙyastu ne ke ba da wuta. Gwanin soja zai yi harbi biyu zuwa uku a minti ɗaya, kuma in abin harbin ya wuce mita ɗari to sai dai sa'a. Shi yasa suke tsayawa kafaɗa da kafaɗa su saki wuta lokaci guda, ba wauta bace kamar yadda ɗalibaina ke cewa da farko, ita kaɗai ce hanyar da harbin zai yi tasiri. Toh duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da ƴan bindiga ranar hawan sallah ya san irin farin hayaƙin da bindiga goma kawai ke tayarwa. Yanzu ka ƙiyasta dubun dubatan bindigogi da ɗaruruwan igwa, daga wajen ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe har faɗuwar rana. Sojoji da yawa da suka rubuta labarinsu daga baya sun ce basa ganin komai sai abin da ke gabansu kaɗan, wani lokacin sai ƙarar kofato zasu ji kafin su ga doki. Mai fim ba zai iya nuna maka haka ba don in ya nuna ba abin da zaka gani, sai ya share hayaƙin ya baka fili tas, kai kuma sai ka riƙa mamaki ya akayi janar kaza bai ga abu kaza ba. Rabin abin da ake kira kuskuren janar-janar daga nan yake.

Sai doki. Da misalin ƙarfe huɗu na yamma Marshal Ney, ɗaya daga manyan kwamandojin Napoliyon, ya riƙa tura mahayan Faransa dubbai, cikinsu harda masu sulken ƙarfe a ƙirji, suna hawa tudun da sojojin Wellington suke, zuwa bayan zuwa har kusan awa biyu. Su kuma dakarun ƙasa sai suka dunƙule murabba'i-murabba'i, kowane ɓangare sahu huɗu, na gaba sun durƙusa sun kafa gindin bindiga a ƙasa wuƙar bakinta na kallon sama, na baya suna harbi. A fim zaka ga doki ya zo a guje ya afka cikin mutane. Doki baya haka. Ni ba mahayi bane, amma na zauna da masu hawa na tambaye su, kuma kai ma in ka taɓa kallon jahi ka ga yadda doki ke zuwa a sukwane ya ci birki gaban sarki. Dabba ce mai hankali, bata afka wa shingen ƙarfe mai tsini tana gani. Abin da ya faru shine mahayan suna zuwa sai su rabu su bi ta gefen murabba'in suna kewayawa, suna sara in sun samu kafa, ana harbinsu ta ko'ina, su koma su sake dawowa. Ba murabba'i ko ɗaya da suka fasa a wannan hare-haren. Wanda ya fi kashe mutanen cikin murabba'in ma igwa ce, a tsakanin zuwa da zuwa, don mutane a dunƙule abinci ne ga igwa.

Wannan dabarar ta murabba'i ba baƙuwa bace a tarihinmu, kuma in na faɗa a aji sai kaga ɗalibai sun gyara zama. A 1903 a Kwatarkwashi, ƴan tsirarun sojan Turawa sun yi irin wannan tsayuwar gaban barade na Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu, kuma a nan Wazirin ya rasu. Bindigoginsu sun fi na Waterloo nesa ba kusa ba, amma tsarin ɗaya ne, kuma matsalar mahayin ɗaya ce.

Akwai wani shahararren zane da kusan kowane dokumentarin Ingila sai ya saka, na fararen dawakan rundunar Scots Greys suna tahowa a sukwane kamar zasu fito daga allon. Wata mai zane Lady Butler ce ta yi shi a 1881, shekara 66 bayan yaƙin. Harin kam ya faru, sun tarwatsa dakarun janar ɗin Faransa d'Erlon har wani saje mai suna Ewart ya ƙwace tutar mikiya ta wata rundunar Faransa. Amma a ƙasa mai laka, ta cikin hatsi mai tsayi, bayan sun ratsa ta cikin nasu sojojin, da wuya ace irin wannan gudun suka yi. Kuma abin da zanen baya nunawa shine sun zarce da nisa har wajen igwogin Faransa, dawakansu suka gaji, mahayan Faransa masu mashi suka juyo kansu suka yi musu mummunar ɓarna, har kwamandan birged ɗin Ponsonby ya mutu a nan.

Toh wa ya ci yaƙin

Yanzu ga babbar tambayarka. Finafinan nan uku da ka kalla, in ka duba da kyau kusan kowanne yana bin bakin wata ƙasa ne, kuma wannan rigimar ta girmi fim, tun daren yaƙin aka fara ta. Ko sunan ma ba'a daidaita ba. Wellington ya rubuta rahotonsa daga ƙauyen Waterloo inda masaukinsa yake, wanda ke da ƴan kilomitoci arewa da filin, sai sunan ya bi. Blucher shugaban sojan Purushiya ya so a kira shi Belle-Alliance, sunan wani masauki da ke tsakiyar filin kusa da inda suka haɗu da Wellington da dare, kuma Jamusawa sun daɗe suna kiransa haka. Faransawa kuma da farko Mont-Saint-Jean suke cewa.

Wanda yace Ingila ce kaɗai, ka fara tambayarsa su waye sojojin Wellington. Turawan Birtaniya a cikinsu kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai. Sauran ƴan Holan ne da ƴan Beljiyam da Jamusawa daga Hanover da Brunswick da Nassau, ga kuma wata runduna ta Jamusawa da ke aiki ƙarƙashin sarkin Ingila. Gidan gonar La Haye Sainte da ke tsakiyar fili, wanda aka yi ta kare shi har harsashi ya ƙare musu wajen ƙarfe shida na yamma, waɗannan Jamusawan ne a ciki ƙarƙashin Manjo Baring. A gidan gonar Hougoumont ma da ake yawan nuna masu gadin sarkin Ingila suna rufe ƙofa da ƙarfin tsiya, wanda gaskiya ne ya faru, akwai ƴan Nassau da Hanover a wurin. Dokumentarin da ya kwashe awa guda bai ambaci wannan ba, to ya rage maka labari.

Sannan yaƙin ba ranar 18 ya fara ba. Napoliyon ya tsere daga tsibirin Elba, inda aka kai shi bayan an sauke shi daga mulki, a watan Fabrairu 1815, ya shiga Paris 20 ga Maris, ya san ƙasashen Turai zasu taru masa, don haka ya yi niyyar ya riga su, ya shiga tsakanin rundunar Wellington da ta Blucher ya doke kowacce ita kaɗai. Ya tsallaka iyaka 15 ga Yuni. Ranar 16 ya doke Purushiya a Ligny, har dokin Blucher ya faɗi ya danne shi, dattijo ɗan shekara 72, yayin da Ney ke fafatawa da Wellington a Quatre Bras. Abin da ya yanke hukunci shine inda Purushiya suka ja da baya. Maimakon su nufi gabas hanyar gida, sai suka nufi arewa zuwa Wavre, wato basu yi nisa da Wellington ba. Napoliyon ya tura Marshal Grouchy da soja wajen 33,000 ya bi su, amma bai iya shiga tsakani ba. Wellington kuwa bai tsaya a wannan tudun ba sai da ya samu alkawarin Blucher cewa zai zo. Wannan jimlar ita ce mabuɗin komai. Ba wai yana cikin halaka bane sai ga Jamusawa sun faɗo daga sama, shiri ne na mutum biyu tun farko, ɗaya ya riƙe ɗaya ya zo ta gefe.

Kuma zuwan nasu ba a minti na ƙarshe bane kamar yadda wasu finafinan ke nunawa. Tun wajen ƙarfe ɗaya na rana aka hango su daga nesa, da misalin huɗu da rabi rundunar janar ɗin Purushiya Bulow ta fara kai hari ta hannun daman Faransa, aka yi ƙazamin faɗa gida-gida a ƙauyen Plancenoit da ke bayan Napoliyon, har sai da Napoliyon ya tura rundunar janar ɗinsa Lobau da wani ɓangare na dakarunsa na musamman can. Lokacin da La Haye Sainte ta faɗi tsakiyar Wellington ta yi rauni Ney ya nemi ƙarin dakaru bai samu ba, don suna can suna fama da Purushiya. Da ya tura ragowar dakarun na musamman wajen bakwai da rabi, an makara kuma sun yi kaɗan, aka kore su, rundunar ta watse. Purushiya sun yi asarar mutum wajen 7,000 a ƴan awannin nan, wanda ya isa ya nuna maka ba kallo suka zo ba.

Amma shi ma mai cewa Jamusawa ne suka ci, ya wuce gona da iri. Da sojojin Wellington basu jure awanni suna shan igwa a kan tudun nan ba, da Blucher ya iso ya tarar ba kowa. Kuma zaɓen wurin da Wellington ya yi, da yadda ya ɓoye yawancin mutanensa a bayan tudu ya sa su kwanta, gwaninta ce ta gaske. Ni a nawa karatun ba'a raba nasarar nan biyu, kuma na fi yarda da duk fim ɗin da ya nuna ta a matsayin aikin haɗin gwiwa.

Na ukun, mai ɗora laifi kan ruwa da janar-janar, shima yana da tushe, amma ka san daga ina tushen yake. Napoliyon da kansa ne ya fara wannan bayanin a tsibirin Saint Helena inda aka tsare shi har ya mutu a 1821, yana ba da labari ana rubutawa, yana ɗora wa Ney da Grouchy. Ney kuwa an harbe shi tun Disamba 1815, ba bakin kare kansa. Eh ruwa ya jinkirta farawa, eh Ney ya tura dawakai ba tare da isassun dakarun ƙasa ba, eh Grouchy ya ji ƙarar igwa bai juyo ba. Amma wa ya naɗa su, wa ya ba Grouchy umarnin bin Purushiya, wa ya ɓata safiyar 17 ga wata kafin ya tura a bi su? Kuma ruwan nan bai zaɓi ɓangare ba, Purushiya ma ta cikin wannan lakar suka jawo igwoginsu daga Wavre. Su kuma masu cewa basir ne ya hana shi hawa doki shi yasa ya faɗi, ko labarin nan na cewa wani attajiri Rothschild ya riga kowa jin sakamako ya wawashe kasuwar Landan, na farkon hasashe ne da aka kumbura, na biyun kuwa ƙage ne da aka yaɗa shekaru bayan yaƙin don ƙin Yahudawa. In ka ji fim ya gina kansa a kansu ka kashe data ɗinka.

Akwai wani labari da nake so ɗalibai su sani don yana nuna cewa ko kafin fim ana wannan ja-in-jar. Wani hafsan Ingila William Siborne ya gina ƙaton samfurin filin yaƙin da dubban ƴan ƙananan sojojin dalma, aka fara nuna shi a 1838, kuma don ya yi daidai ya rubuta wa hafsoshin da suka halarta ya tara ɗaruruwan wasiƙu. Ya saka Purushiya da yawa a filin, abin bai yi wa manya daɗi ba, daga baya ya cire mafi yawansu. Samfurin yana gidan tarihin soja a Landan har yau, wasiƙun kuma suna cikin manyan hujjojin da masana ke amfani da su. Shi kansa Wellington ya taɓa rubuta cewa ba da tarihin yaƙi kamar ba da tarihin taron rawa ne, kowa zai tuna ɗan abin da ya faru kusa da shi amma ba mai iya jera su daidai. Ko lokacin da aka fara harbi ma shaidun basu haɗu a kai ba.

Yadda nake tantancewa

Ni dai in zan zaɓi wanda zan saka a aji, farko ina duba taswira. Fim ɗin da bai nuna maka Wavre da Plancenoit a taswira ba, bai nuna maka ina kowa yake ƙarfe kaza ba, ba zai fahimtar da kai komai ba ko da hotunansa sun kai me. Sannan ina duba su waye ke magana, an rubuta sunansu da inda suke aiki, kuma duk ƴan ƙasa ɗaya ne ko an gauraya da Bafaranshe da Bajamushe da ɗan Holan. Ina sauraro in ji ko ana karanto wasiƙu da littattafan tunawa na waɗanda suka halarta tare da faɗin sunan mai maganar, don wannan ne mafi kusa da muryar gaske da zaka samu, duk da su ma wasu sun rubuta ne bayan shekara ashirin ko talatin, sun manta wasu sun ƙara wasu. Kuma ina son mai ba da labarin da yake iya cewa anan masana sun saɓa. Wanda ya san komai daƙiƙa-daƙiƙa har abin da Napoliyon ke rayawa a zuciyarsa, ina tsoronsa.

Yanzu kuma ga sabuwar matsala a YouTube, tashoshin da ke haɗa hoto da murya da ƙirƙirarriyar basira su fitar da bidiyo kullum. Na taɓa ganin wanda wani ɗalibi ya kawo min, sojojin ciki riƙe da bindigogin da ba'a ƙera ba sai bayan shekara hamsin, tutocin ma ba na kowa bane, kuma ya yarda da shi ɗari bisa ɗari don muryar ta yi kama da ta manyan tashoshi. Abin ya dame ni ƙwarai, don yaro ne mai ƙoƙari da son sani, lokacinsa da datarsa aka ci.

In sun kai ka filin kansa suna nunawa, nan ma da abin lura. Tsaunin nan mai mutum-mutumin zaki a sama da kake gani a kowane fim babu shi ranar yaƙin. Sarkin Holan ne ya sa aka tara shi a shekarun 1820 a wurin da aka ji wa ɗansa rauni, tsayinsa wajen mita 40, matakala 226, kuma ƙasar da aka tara shi da ita daga jikin tudun Wellington aka kwaso, don haka yanayin wurin ya canza. Sau ɗaya na samu zuwa, na hau har sama, kuma abin da ya fi kama ni shine ƙanƙantar wurin, kana tsaye kana ganin kusan komai, gonaki ne kawai shiru. Sai da na sauko na taka ƙasa sannan na gane yadda ɗan gangaren da baka ɗauke shi komai ba daga sama zai iya ɓoye runduna guda.

Iyakata kuma in faɗa maka ita: ni malamin tarihi ne ba soja ba, kuma abin da Jamusawa suka rubuta ta hanyar fassara nake karanta shi, don haka nima da Ingilishi aka fi shayar da ni labarin nan, ina ƙoƙarin gyarawa ne kullum. Kuma tunda baka faɗi sunayen ukun da ka kalla ba, hukuncina akan irinsu ne ba su kansu ba.

Abu na ƙarshe da zan so ka nema, don yawancin finafinan suna tsayawa ne da haɗuwar Wellington da Blucher a saka kiɗa a rufe. Washegari filin nan akwai mutum kusan 50,000 matattu da masu rauni, ga dubban dawakai, wasu masu raunin sun kwana biyu uku a wurin kafin a ɗauke su, likitoci suna yanke hannu da ƙafa ba allurar kashe zafi don ba'a samo ta ba tukuna. Wata ɗaliba ta taɓa tambayata ina kaburburansu, kuma tambaya ce da masana kansu ke bi har yanzu, don ƙasusuwan da aka tono a filin kaɗan ne ƙwarai. An samu ƙwarangwal ɗin soja ɗaya a 2012 lokacin da ake aikin wurin ajiye motoci, da dalmar da ta kashe shi a tsakanin haƙarƙarinsa. Wata ƙungiya mai suna Waterloo Uncovered, wadda ke haɗa masu binciken tono da tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙi da rauni a jiki ko a zuciya, ta fara tono a wurin a 2015, sun samu yankakkun ƙafafu kusa da gidan gonar Mont-Saint-Jean inda aka yi asibiti, sannan a 2022 suka samu cikakken ƙwarangwal a wurin tare da na dawakai. Binciken da wasu masana suka fitar a shekarun nan yana nuna cewa an tone ƙasusuwa da yawa daga baya an sayar, harda masana'antun sukari da ke ƙona ƙashi su tace sukari da shi. Ƙungiyar tana da bidiyoyinta a YouTube, gajeru ne kuma ba kiɗa mai tada hankali, ka haɗa su da duk wanda zaka kalla a gaba, kuma kafin ka danna ka buɗe taswirar kwana huɗun nan daga 15 zuwa 18 ga Yuni ka ajiye a gefe.